Sharhi: Bitil ɗin Tamiya ta 1966, da yadda fenti ke fama da daminar Legas

Ga masu tambaya ko motar haɗawa ta Tamiya, wato Volkswagen 1300 Beetle ƙirar 1966, ta cancanci kuɗinta a wannan zamani da dala ta yi tashin gwauron zabi, amsata ita ce ta cancanta. Sai dai a sani tun da wuri, ba motar wasan yara ba ce da za a zaro daga kwali a gungura. Gutsattsarin roba ne maƙale a jikin firam, da tayoyi, da gilasai, da takardar bayani. Gam da fenti daban ake sayensu, kamar yadda aka saba a irin waɗannan kaya.

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka ne a Japan, kuma da sana'ar katako ya fara a 1946 kafin ya koma roba. Ma'aunin motar 1/24 ne, an rage kowane sashe sau 24, shi ya sa Bitil mai tsawon mita 4 da 'yan kai ta dawo kimanin santimita 17, tana zama daram a tafin hannu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sassan ke shiga juna. Na kan gwada kowane yanki a bushe kafin in sa gam, kuma da wuya in ga wanda ya nemi a kankare shi fiye da goge wurin da aka yanko shi da reza da sanfefa mai laushi. Gam ɗin da na yi aiki da shi nasu ne, Extra Thin, mai koren murfi. Ba shafa shi ake yi ba. Haɗa sassan biyu za ka yi, ka taɓa bakin mahaɗar da ɗan burushin, sai ka ga ruwan ya bi tsagar da kansa, ya narka robar kaɗan ta zama abu ɗaya. Gilasai kam farin gam na katako ya fi dacewa da su, domin tururin sufagulu yana sa su yi fari fat, kuma ba ya gyaruwa cikin sauƙi.

Injin ne ya fi cin lokacina, kuma a nan na fi jin daɗi. Bitil injinta a baya yake, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, babu lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Duk wannan ya fito a robar: gidan fanka, dinamo, fanbel, kafireto, da bututun salansa guda biyu da ke leƙowa ta ƙasan bamba. Na yi wa gidan fankar baƙi mai ɗan sheƙi, fentin Tamiya mai lamba X-18, jikin injin kuma launin alminiyam, sannan na tsinka baƙin fenti sosai na ɗiga shi cikin lunguna da bakin tsinken sakace. Da ya bushe sai kowane ƙusa ya fito, injin ya yi kama da wanda ya ɗan sha hanya. Da hantsaki ake riƙe wasu sassan, don ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Bamba da murfin taya suna zuwa da ƙyallinsu. Dole a kankare ƙyallin a daidai inda gam zai taɓa, in ba haka ba ba zai kama ba.

Wahalar gaskiya tana wajen fentin bodi, kuma wannan ba laifin kayan ba ne, garin da muke ciki ne. Gwangwanin feshi ba a cika yarda a ɗauko shi a jirgin sama ba, don haka na nufi kasuwar Ladipo na samo na mota. Fentin mota yana da ƙarfi, in aka fesa shi kai tsaye yana iya cin robar ta yamutse, sai an fara shimfiɗa fentin ƙasa siriri an bar shi ya bushe sarai. Sannan ga laima. A watan Yuni, ranar da aka wuni ana ruwa, na gwada feshi a bayan cokalin roba, ina kallo shuɗin ya dushe, wani farin hazo ya hau kansa, saboda danshin iska yana sauka kan fentin tun yana ɗanye. Shawarata, kada kowa ya kusanci bodin sai cokali ya ba shi izini. A jira rana ta buɗe da hantsi, a fesa sama-sama sau da yawa daga nesa kamar taƙi guda, a kife babban mazubi a kai don ƙura. Masu jiran hunturu su ma suna da nasu aikin, iska ta bushe amma ƙurar ta ninka.

Da na gama, na tafi da ita kasuwar Alaba Rago da ke Ojo, wajen kawuna. Duk mai bin hanyar Badagry ya san tashar da ake kira Volks, sunan da ta samo daga masana'antar Volkswagen da ta fara haɗa motoci a Ojo a 1975. Wani dattijo da ya yi kanikanci a wancan zamanin yana zaune a rumfar, ya miƙo hannu.

"Yaro, kawo in gani."

"Ga ta, Baba, a riƙe ta ta ƙasa."

Ya juya ta a hankali, ya tsaya kan fitilun gaba. "Wannan ta girmi waɗanda muka gyara. Dubi idonta a kishingiɗe, da gilashi a kai. Namu a tsaye suke." Gaskiyarsa, daga 1967 ne Jamus ta fara miƙar da fitilun. Ya ƙara da cewa batirinta ƙarƙashin kujerar baya yake, ya daɗe yana ba matasan wurin labarin yadda ake sauke injinta, su kuwa yawancinsu ba su taɓa shiga Bitil ba, ko da yake an ƙera fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito a Meziko a 2003. Na ji daɗin wannan zaman ƙwarai, don kayan da ba a yi su da kyau ba, idon tsohon bakanike ba zai tsaya a kansu haka ba.

Kuɗin kawowa daga waje ya yi nauyi, kuma kwalin ya iso a ɗan lotse daga hannun mai shagon intanet ɗin da na saya, Allah ya taimaka gilasan ba su tsage ba. Wanda ke da ɗan'uwa mai dawowa daga Dubai ko Ingila, gara ya roƙe shi ya sako masa a jaka. Mai farawa zai iya da ita in yana da haƙuri, yaro ƙarami kuwa sai da babba a gefe saboda reza da warin gam, a kuma buɗe taga.

Yanzu bas ɗin Volkswagen ta kamfanin Hasegawa nake nema, ita ma 1/24. In Allah ya yarda fentin danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, zan yi mata, ruwan ɗorawa da baƙaƙen layuka biyu, in ruwa ya ɗan tsagaita a watan Agusta.