Gargaɗi kan mai sayar da "maganin sanyin ƙashi" tsakanin Agege da Mile 12

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. Akwai wani mutum da ke yawo da ƙaramar mota da lasifika tsakanin Agege da Mile 12, yana tallar wani baƙin ruwa a gorar roba, wai maganin sanyin ƙashi ne na gado. Ba lambar NAFDAC, ba a rubuta abin da aka haɗa ba. Duk wanda ya kai masa kukan ciwon gaɓa, amsar ɗaya ce: sanyi ne.

Ƙanena ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Gwiwarsa ta hagu ta yi wata da watanni a kumbure, da dare zufa har ta jiƙa tabarma, wando ya yi masa yawa. Ya sayi gora uku. Kwana kaɗan ciwon ya lafa, kumatunsa suka ciko, muna ta murna wai ya murmure. Bayan wata biyu ko taka ƙafar ba ya iyawa.

A asibiti aka zuƙi ruwan gwiwar da sirinji aka gwada. Tarin fuka ne, har ya fara cin gaɓar. Wallahi ban taɓa sanin ƙwayar cutar na barin huhu ta sauka a gwiwa, ƙugu ko ƙashin baya ba, kuma ba lalle mutum yana tari ba. Likita na ganin fuskarsa ya ce alama ce ta an zuba maganin bature irin su dexamethasone cikin ruwan gorar. Yana kwantar da kumburi nan take, amma yana raunana garkuwar jiki, cutar ta samu sake. Yana tayar da suga, kuma in an daɗe ana sha yakan kashe kan ƙashin cinya, matsalar da masu sikila dama ke fama da ita.

Mahautanmu na Oko-Oba da masu shan madarar da ba a tafasa ba, ku ma ku kula: ciwon bakkale na shanu yana kama mutum, ya zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da na baya. Sai an gwada jini ake ganewa.

Wanda ya riga ya yi makonni yana shan ruwan nan, don Allah kada ya yanke shi dare ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ya ɗauki gorar ya tafi asibitin ƙashi na Igbobi, ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko asibitin gwamnati mafi kusa. Maganin tarin fuka kyauta ake bayarwa. Ƙanena an ce sai ya shekara yana sha, yanzu da sanda yake zuwa masallaci, dako kuwa ya tsaya.