Fitilar yumɓu mai man zaitun: ta dace da ibadar murhun Gol?

Masu raya addinin tsohuwar ƙasar Gol, wato Faransa da Beljiyam na yau, kan fara ibadar gida da kunna wuta. Wasunsu a gidajen bene na birni suke, babu murhu, shi ya sa wannan ƙaramar fitila, kwafin irin ta zamanin Rumawa da shagunan gidajen tarihi ke sayarwa, za ta iya yi musu amfani.

Harshen wutarta a natse yake, ba ya rawa kamar na kyandir mai arha. Ana wanke hannu, a kunna ta, a kira abin bauta, misali Nantosuwelta da ake sassaƙa ta riƙe da ɗan gida a kan sanda, sannan a miƙa burodi ko madara. Cokali biyu na man zaitun a cikin fitilar sun wadatar.

Babban aibinta yoyo. Yumɓun da ba a shafe cikinsa da abin hana yoyo ba yana tsotse mai, ya fito ta gindi ya ɓata katako, don haka dole a ɗora ta kan faranti mai yashi. Lagwani na auduga zalla, kada ya leƙo fiye da milimita 5. In ya wuce, sai hayaƙi da baƙin ƙuna. A bar shi ya jiƙa minti 10 kafin a ƙyasta ashana. Kananzir kuwa ko kusa, zai tashi da wuta.

Madarar a ƙoƙo daban ake zuba ta, ba kan wuta ba. Mai saye ya nemi fitilar da aka shafe cikinta, ko da ta fi tsada.