Fentin tanki da shokozoban gaba: abin da na gani a Liyon

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran garaji baki ɗaya, ga amsar tambayar da kuka yi mini game da yadda ake gyaran babur a nan Faransa. Na jinkirta ne har sai da aikin ya bi ta kaina, domin babur ɗin da nake kai saƙon abinci da shi a Liyon, wato Yamaha YBR 125 da na saya na hannu, ya zo mini da tanki mai tsatsa da kuma shokozoban gaba mai zubar da mai. Tun daga watan Afrilu na 2024 doka ta wajabta a riƙa kai babura wurin binciken lafiyarsu kamar yadda ake yi wa motoci, kuma da na kai nawa, yoyon nan ne abu na farko da mai binciken ya rubuta a takarda.

Mai fentin da na fara tuntuɓa ya nemi yuro 350 a kan tanki kaɗai, kuma tun da yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, kuɗin ya kama kusan jika 230. Na yi shiru ina tuna masu fentinmu na Maradi, waɗanda za a kai wa tanki da hantsi a karɓe shi kafin la'asar a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai da na tsaya na ga aikin, na gane inda kuɗin yake tafiya. Da farko ana zazzage man, a wanke cikin tankin, a bar shi ya sha iska, domin tururin fetur da ya rage a tankin da babu kome a ciki ya fi cikakken tanki haɗari idan wuta ta kusance shi, abin da masu waldarmu suka sani sarai. Daga nan ake cinye tsatsar ciki da wani ruwan asid, a busar, a zuba wani irin danƙo a jujjuya tankin har ya lulluɓe ko'ina. Su a nan tsatsa tana zuwa musu ne saboda babur yana kwana a ajiye duk tsawon hunturu, ga shi fetur ɗin da aka fi sha yana ɗauke da etanol har kashi 10 cikin 100, shi kuwa etanol janyo danshi yake yi. Mu a gida ruwa da dattin da ke cikin man kwalba na bakin hanya ne suke yi mana wannan ɓarnar.

A waje kuma sai an kankare tsohon fenti har ƙarfe ya fito, a cike lotsawa da mastik, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a fesa shimfiɗar farko mai hana tsatsa, a sake gogewa, sannan launi ya hau. Abin da nake so ku riƙe shi ne shafin ƙarshe, wato ruwan sheƙi marar launi da suke kira barni. Nasu kashi biyu ne, ana haɗa shi da maganin da ke sa shi ya ƙafe ya yi tauri, kuma idan ya kama, fetur ba ya narkar da shi. Fentin gwangwanin fesawa da wanda ake sirkawa da tina kaɗai ba su da wannan ƙarfin, shi ya sa tankunan 'yan kabu-kabu suke kwailewa a gefen murfi tun ba a yi wata uku ba, inda mai yake ɗiga kullum. Ɗakin da suke fesawa a rufe yake, iska tana shiga ta matata, kuma ana gasa fentin a zafin da ya kai digiri 60. Zafi dai Allah ya hore mana shi kyauta a Maradi, ƙura ce abokiyar gabarmu, don haka wanda ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya kewaye wurin da leda, ya yi feshinsa da sassafe kafin iska ta tashi, ya rage rabin tazarar da ke tsakaninmu da su. Amma maganin taurin nan guba ne ga huhu, kada a bar yaro ya fesa shi da ƙyalle kawai a hanci.

A wajen fitar da lotsawa kuwa, ban ga wanda ya kama ƙafar mutanenmu ba. Nan idan tanki ya lotsa sosai, shawarar farko ita ce a sayi wani, saboda awa ɗaya ta makanike a garajin unguwarmu yuro 70 ce.

Wannan tsadar ce ta sa na yi aikin shokozoban da hannuna, wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe yana harkar babura yana nuna mini. Abin da ya fara ba ni kunya shi ne tambayar da ya yi mini, wai milimita nawa ne tsayin man da ke cikin kowace ƙafa. Shekara shida na yi a gabanku ina kwance shokozoba, ban taɓa auna wannan ba, da ido muke zubawa, sau da yawa ma man inji muke sawa. Su suna da man shokozoba na musamman mai lamba 5W ko 10W ko 15W, kuma gwargwadon kaurinsa gwargwadon yadda yake rage saurin nutsewa da dawowar ƙafar. Ana cire sifirin, a danne bututun har ƙasa, a zuba mai, a yi ta ɗagawa ana dannawa har kumfa ya ƙare, sannan a sa rula daga bakin bututu zuwa saman mai, a zuƙe rarar da sirinji har ƙafafun biyu su yi daidai da abin da littafin babur ɗin ya faɗa. Iskar da ta rage a sama ita ma sifirin ce. Idan mai ya yi yawa gaba zai yi tauri kamar icce har ya fasa robar da ke tare man, idan ya yi kaɗan kuma babur zai riƙa dungurawa da zarar an taka birki.

Awo na biyu da igiyar roba ake yin sa, irin wadda ake ɗaure wayoyin lantarki da ita. Ana ɗaura ta a jikin bututu, mai babur ya hau ya zauna yadda ya saba, ya sauka a hankali, a ɗaga gaban har taya ta bar ƙasa, a auna inda igiyar ta tsaya. Tafiyar shokozoban nawa milimita 120 ce, kuma abin da ake nema shi ne nauyin babur da na mutum ya cinye tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, wato milimita 30 zuwa 40. Nawa ya wuce 50 saboda sifirin ya gaji, sai muka canza shi. Na tuna baburan da ke ɗaukar mutum uku da buhun gero a hanyar Madarunfa ko ta Dan Isa, waɗanda gabansu yake bugawa a kowane rami, mu kuwa mu ƙara musu mai mai kauri alhali sifirin ne ya mutu.

Dattijon ya kuma sa ni na bi bututun da farce ina neman ƙananan ramukan tsatsa, domin su ne suke yanka sabuwar robar mai cikin 'yan kwanaki, man ya gangaro har kan birki. A nan ne na ba shi labarin robar nan mai lanƙwasa da muke sa wa bututu saboda yashi, ya ce a ƙasa irin tamu wanda ya cire ta don ado ya cuci kansa.

Zan aiko muku da lita biyu na man 10W da sirinji da sifanar da ke auna ƙarfin ɗaurin noti ta hannun wani ɗan unguwar Zariya da zai zo gida bayan salla. Barnin ne ba zai samu ba, saboda ba a yarda a shiga jirgi da shi, sai dai ku sa a tambaya wurin masu fentin motoci na nan gari ko na Katsina, ku ce mai haɗi biyu kuke so, ku gwada shi a tankin babur ɗinku kafin na masu kawo gyara.