Wata goma sha huɗu ina shafa koko bota a kan nankarwa da tabo

Tun cikina yana wata uku, kafin ma ya turo riga, na fara shafa man koko bota. Yayata ce ta kawo mini kwalbar farko, ta ce in dai na dage safe da dare, ba ni ba nankarwa. Na kuwa dage. Da na fito wanka, jiki da sauran laima, sai in zuba a tafin hannu in bi ciki da ƙugu da cinyoyi da ƙirji ina murzawa har ya shige. Ban yi fashi ba sai ranar da laulayi ya kwantar da ni. Wata shida kafin haihuwa, wata takwas bayanta.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Man yana laushin fata, wannan babu ja. Koko bota kitse ne da ake matsowa daga ƙwayar koko, irin wanda ake haɗa cakulan da shi, shi ya sa ƙamshinsu ya zo ɗaya. A sanyi yana daskarewa, amma da ya ji ɗumin jiki sai ya narke ya kwanta a kan fata, ya hana ruwan jikinta tsanewa. Wajen wata na shida cikina ya fara wani irin ƙaiƙayi, fatar ta ɗame tana sheƙi, in sosa in sosa har dare ya raba. In na shafa man da kauri sai ya lafa, in samu barci. Duk wadda ta san wannan ƙaiƙayin ta san ba ƙaramin taimako ba ne.

Nankarwar kuwa bai hana ta ba. Ina cikin wata na bakwai, wata safiya na tsaya gaban madubi na ɗaga cikin da hannu biyu don in ga ƙasansa, sai ga layuka uku ƙarƙashin cibiya, sun yi duhu kamar an ja su da farce. Cikin mako uku sun yi rassa har ƙugu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ɗora wa kaina laifi. Na ce ko ban shafa da yawa ba, ko na makara, ko ba mai kyau na samu ba. Na sauya wani, na ƙara yawan shafawa zuwa sau uku a rana. Layukan suka ci gaba da tafiyarsu.

Sai bayan na haihu, da na je wajen likitar fata saboda tabon tiyata, na fahimci inda gizo ke saƙa. Ta ce nankarwa ba a saman fata take ba. Ƙarƙashinta akwai wani shimfiɗi mai zare-zare da ke ba fata ƙarfi da talewa, shi ne ke tsagewa idan jiki ya buɗe da sauri, ga kuma sinadaran jiki na lokacin juna biyu da ke sassauta shi. Man shafawa kuwa a sama yake tsayawa. Ta tambaye ni ko mahaifiyata tana da ita. Na ce tana da ita sosai. Ta ce to, gado yana da hannu babba a ciki, haka ma ƙarancin shekaru, da yawan ƙibar da aka ƙara, da girman jariri.

Na koma gida na bincika da kaina. An gwada wannan man a kan masu ciki ba sau ɗaya ba. A 2008 an wallafa wani bincike daga Labanan, inda aka raba mata masu cikin fari 210 gida biyu, wasu na shafa mai koko bota, wasu na shafa wani man da babu shi, ba kuma wadda ta san wanne aka ba ta. Da aka duba, babu wani bambanci na a zo a gani. A 2010 aka yi makamancinsa a Jamaika da mata 300, sakamakon bai sauya ba. Da na san haka tun farko, da ban kwana ina zargin kaina ba, kuma wannan ne ya sa na zauna rubuta sharhin nan.

Batun tabo shi ma kusan haka ne. Bayan ɗinkin tiyatar ya warke sarai, likita ta yarda in riƙa murza wurin a hankali da man. Tabon ya yi laushi, jan da yake yi mini in na miƙe ya ragu. Sai dai ina ganin murzawar da kuma lokaci ne suka yi aikin, domin tabo kan ɗauki shekara ko fiye yana kwantawa da kansa. Akwai wani tsohon tabon ƙunar dutsen guga a damtsena, na haɗa da shi duk tsawon watannin nan, yana nan yadda yake. Ga tabon da ya fara yin tudu, abin da likitoci suka fi bayarwa shi ne silikon, na shafawa ko na mannawa, ba koko bota ba. Kada kuma a kai man kan rauni ɗanye.

Abubuwa biyu na koya da kuɗina. Na farko, a juya bayan kwalba. Wani za ki ga an rubuta koko bota ɓaro-ɓaro a gaba, amma a jerin kayan haɗin ruwa ne a farko, shi kuwa yana can ƙasa kusa da turare. Wanda na fi jin daɗinsa shi ne mai kauri na cikin gwangwani, duk da yana maiƙo a riga. Na biyu, fuskata ba ta karɓe shi ba, kwana biyar na shafa ƙuraje suka feso mini a haɓa. Sannan ina roƙon 'yan'uwana mata, duk man da aka ce yana goge nankarwa yana kuma ƙara haske, a yi nesa da shi. Da yawansu akwai sinadarin sitiroid a ciki, wanda ke sirantar da fata, shi da kansa yana haddasa nankarwa mai faɗi wadda ta fi ta ciki muni.

Yanzu layukan nawa sun dusashe, sun yi haske fiye da sauran fatar, in na shafa da yatsa ina jin ɗan kwarminsu. Likita ta ce akwai maganin tiretinoyin da kan taimaka wa sabuwar nankarwa, amma ba a ba mai ciki, ni ma da nake shayarwa ta ce in dakata. Har gobe ina sayen koko bota, ina shafa shi a gwiwa da dunduniya da ciki don laushi. Ƙanwata na da cikin wata huɗu, jiya na kai mata gwangwani ɗaya, na ce ta shafa saboda ƙaiƙayi, in kuma layukan sun fito ta kira ni mu duba tare.