Zaman rubutu na masu alhini a Ngaundare: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Wasu masu koyar da rubutu suna shirya zama na kwana biyar a Ngaundare ta ƙasar Kamaru domin mutanen da aka yi wa rasuwa. Suna ɗaukar mutum goma zuwa goma sha biyu, mata da ɗakinsu maza da nasu. Yawancin masu zuwa daga Garwa da Marwa suke, sai 'yan Cadi daga Mundu da Njamena, da ɗaiɗaiku daga Yola. Kuɗin da ake biya ya haɗa da masauki, abinci sau uku a rana, littafin rubutu biyu da biro, da fita ɗaya zuwa tafkin Tizon. Kuɗin mota yana wuyan mai zuwa. A ganinmu tsarin rubutun ingantacce ne, amma yadda ake tantance masu shiga da yadda ake sallamarsu yana buƙatar gyara sosai.

Garin da suka zaɓa ya dace. Ngaundare tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga matakin teku, don haka a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, a can mutum na iya zama ya yi rubutu da rana tsaka. Daga Garwa tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba. Ɗan Mundu zai biyo ta Tuboro, kuma sefar aljihunsa ita ce dai ake kashewa a nan. Mai tahowa daga Najeriya ya canza nairarsa tun kafin ya tsallako, ya riƙe katinsa na allurar shawara. Wanda ya taso daga Njamena ta Kusuri da Marwa kuwa, ya iso kwana ɗaya kafin a fara. Masu shiryawa ba sa faɗin haka, sai mutum ya shiga zaman farko da gajiyar hanya a jikinsa.

Ainihin aikin da safe ake yin sa. Bayan karin kumallo kowa ya zauna da littafinsa, jagora ya ba da abin da za a yi rubutu a kai, a yi minti 15 zuwa 20 ba tare da ɗaga biro ba, ba ruwan kowa da ƙa'idar rubutu. Wannan tsawon lokacin ba a ka aka tsara shi ba. Ya samo asali ne daga binciken James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda a 1986 ya sa ɗalibai rubuta abin da ya fi yi musu ciwo na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Cikin abin da aka lura da shi a irin wannan rubutu akwai cewa mutum yakan ƙara jin nauyi a ransa da zarar ya ajiye biro, sannan abin ya sauka daga baya. Shi ya sa jagororin ke tsayar da kowa idan lokaci ya cika, ko da ana tsakiyar jimla, a fita a taka ƙafa rabin awa, a sha shayi. Wannan tsayarwar ita ce mafi darajar abin da ake biya. Mai alhinin da aka bari ya yi awa biyu yana tonon ciwonsa shi kaɗai, da wuya ya tashi da sauƙi.

Jerin kwanakin ma an yi shi da tunani. Ranar farko ba a taɓa mutuwar kanta, ana siffanta wani abu ne da mamacin ya bari, buta ko hula ko kwanon da yake ci a ciki. Ta biyu ana rubuta ranar rasuwar: wa ya kawo labari, ƙarfe nawa, wa ya yi wanka, wa ya shiga kabari. Ta uku ita ce mai nauyi, ranar abin da ba a faɗa ba: gafarar da ba a nema ba, bashin da ya rage, fushin da mutum ke jin kunyar furtawa a kan wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ta huɗu ana duba abin da ya saura a hannun mai rai, ta biyar a yi sallama.

Ba a tilasta wa kowa karanta abin da ya rubuta. Wanda ya ga dama ya karanta, masu sauraro ba sa gyara masa, ba sa ba shi shawara, ba sa cewa "sai haƙuri". Kowa dai ya maimaita jimla ɗaya da ta tsaya masa a rai. Wasu za su ga kamar rashin ladabi ne, mu kuwa muna goyon baya. "Sai haƙuri" da "Allah Ya jiƙan rai" a zaman makoki suke aikinsu, kuma babban aiki ne. Amma bayan sadakar arba'in jama'a sun watse, kowa ya koma harkarsa, mai alhini na nan da maganar da bai sami inda zai ajiye ta ba. Masu ganin abin baƙo ne su tuna Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta marsiyya ga 'yan'uwanta da ƙawayenta, kuma Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim.

Sun kuma warware matsalar harshe. Da yawa a yankinmu da Faransanci suka yi makaranta, amma da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa suke kuka. An bar kowa ya rubuta da abin da ya zo masa, boko ko ajami, ko ya gauraya. Wanda bai iya rubutu ba yana naɗar muryarsa a waya, kuma nan akwai haɗari, domin wayar gida za ta koma, inda yara da kishiya da dangin miji ke ɗaukarta. Haka littafin rana ta uku, musamman idan ya taɓo rabon gado. Ya kamata kafin a watse a ware lokaci kowa ya yanke shawara: ya goge, ya ƙona, ko ya adana inda ya tabbata.

Babban rauninsu tantancewa ce. Takardar shiga shafi ɗaya ce, suna da gari da wanda ya rasu. Ba ta tambayar ko mutum na samun barci, ko yana cin abinci, ko tunanin halaka kansa ya taɓa zo masa. Suna kiyaye takaba, ba sa karɓar matar da ba ta cika wata huɗu da kwana goma ba, amma uwar da ta binne ɗanta mako uku da suka wuce suna karɓarta, kuma wannan ya yi wuri. A ɗaya ɓangaren, tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya alhinin da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin lalurorin da ake dubawa a asibiti. Mai irin wannan likita yake buƙata tukuna.

Abin ya fi tsanani ga waɗanda suka rasa nasu a hare-haren Boko Haram a yankunan Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Logon da Shari na arewacin Kamaru, ko waɗanda ba su ga gawa ba har yau. Rubutun rana ta biyu na iya mayar da mutum cikin wannan daren ɗungurungum: hannu na rawa, numfashi na sarƙewa. A nan dole a ajiye biro nan take, ya dafa ƙasa da tafin ƙafarsa, ya ambaci abubuwa biyar da yake gani a ɗakin, ya sha ruwa, a canza masa abin rubutawa. Jagororin sun san wannan da rana. Da dare kuwa babu ma'aikacin lafiya a masaukin, alhali daren rana ta uku ne barci ke ƙaurace wa mutane.

Fitar tafkin Tizon ma a yammacin rana ta uku aka sa ta, lokacin da mutane suka fi son kaɗaici. Ya kamata ta koma ranar farko, a kuma hana ɗaukar hoton kowa ba da izininsa ba.

Bayan an watse, zauren WhatsApp kawai ake buɗewa, kuma ba a nan mai ciwo zai faɗi ciwonsa ba. Kiran waya na mutum ɗaya-ɗaya bayan mako biyu, da wani bayan mako shida, ba zai ci musu kuɗi mai yawa ba. Wanda aka ɗan jima da yi masa rasuwa, yana ci yana barci yana fita aiki amma maganar na cin sa, zaman zai amfane shi. Kafin ya biya, ya tambaye su wa ke kwana a masaukin da dare, wane asibiti za a kai mutum idan abu ya taso, kuma wa zai kira shi bayan ya koma gida.