Soket mai alamar CO/ALR ko ɗaura guntuwar wayar jan ƙarfe: wanne ya fi a gida mai wayar alminiyam?

Hajiya, kin ce gidan da kuka saya a Maryland an gina shi a 1969, da kuka tashi sauya tsofaffin soket sai aka tarar wayar fara ce, ba jan ƙarfe ba. Wani mai gyaran wuta ya ce a sa soket mai alamar CO/ALR, wani kuma ya ce sai an ɗaura guntuwar wayar jan ƙarfe a kowane mahaɗi. Ni dai na biyun nake goyon baya.

Tsakanin 1965 da 1973 jan ƙarfe ya yi tsada a Amurka, sai magina suka koma wa alminiyam, aka yi wa gidaje kusan miliyan biyu wayarin da shi. Wayar da ke cikin bango ba ita ce abin tsoro ba, matsalar tana wurin da aka ɗaure ta da sukuru. Alminiyam yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, a hankali sai ɗaurin ya yi sako-sako. Samansa kuma yana yin wata fatar tsatsa da ke tare wa wuta hanya, wurin ya riƙa zafi ba tare da fiyus ya yanke ba. A 1974 irin wannan mahaɗi ya haddasa gobarar da ta kashe mutum biyu a Hampton Bays da ke New York. Hukumar kare masu sayayya ta CPSC ta ce gidajen da aka yi wa irin wannan wayarin kafin 1972 sun ninka masu jan ƙarfe sau 55 wajen yiwuwar wani mahaɗi ya kai zafin tada gobara.

Soket na CO/ALR shi ne mai araha, an ƙera sukurorinsa don su riƙe alminiyam. Amma soket da makunni kaɗai yake magancewa. Fitilun silin, fanka, da wuraren da aka murɗe waya da waya a cikin akwatin haɗa wayoyi duk suna nan yadda suke, shi ya sa CPSC ta ɗauke shi gyara marar cika. Kuma soket na GFCI (mai yanke wuta da kansa don kada ta ja mutum) da doka ke nema a banɗaki da kicin ba a cika samunsa da wannan alamar ba. A kula sosai, tsohuwar alamar CU/AL daban ce, ba ta wadatar.

Ɗaura jan ƙarfe ya fi tsada da ɗaukar lokaci, domin sai an bi kowane akwati a gidan. Ribarsa ita ce bayan an gama, kowane soket na zamani kike so za a iya sawa. Sai dai abin ɗaurin shi ne maganar. Mahaɗin COPALUM matse wayoyin biyu yake da na'ura ta musamman har su zama kamar ƙarfe guda, amma sai mai gyaran da aka horar aka ba shi izini, kuma ba a kowane gari ake samunsu ba. AlumiConn ƙaramin mahaɗi ne mai sukurori, kowace waya da raminta, ana ɗaure shi da sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri. Waɗannan biyu CPSC ta amince da su. Hular nan mai ruwan shunayya da ake murɗawa a kan wayoyi kuwa ana sayar da ita ko'ina, amma hukumar ba ta yarda da ita a matsayin gyara na dindindin ba. Idan mai gyaranki ita ya kawo, ki ce a'a.

Sake wayarin gaba ɗaya da jan ƙarfe ya fi duka, idan aljihu zai ɗauka, musamman in dama kuna shirin fasa bango.

Don Allah kada maigida ya sayo soket na gama-gari ya sa da kansa, balle irin wanda ake soka waya ta bayansa. Kafin mai gyaran wuta mai lasisi ya zo, idan kika ji murfin soket da ɗumi, ko warin roba na ƙonewa, ko fitila na kyaftawa, ki kashe layin daga babban akwatin wuta. Ki kuma nemi ya rubuta miki sunan mahaɗin da ya yi amfani da shi, domin kamfanin inshora na iya tambaya.