Ajin Turancin yamma da nake zuwa a Zoo Road

Wata uku ke nan ina zuwa wani ajin koyon Turanci bayan la'asar, idan na rufe shagona a Kantin Kwari. Abin da ya kai ni shi ne wani abokin ciniki ya rubuto min "I am over the moon", na ɗauka maganar wata yake yi, ashe murnar isowar kayansa yake.

Malaminmu ya san aikinsa. Ba ya sa mu hadda. Sai ya ce, "Alhaji, idan gabanka ya faɗi me kake ji?" Daga nan ya kawo "my heart sank". Ranar da ya bayyana "feeling blue" na daɗe ina tunani: mu baƙin ciki muke cewa, su kuma shuɗi suka ba damuwa. Ita kuwa "butterflies in my stomach" fargabar da ke kama mutum ce kafin jarrabawa.

Matsalar ɗaya ce, ɗakin ya yi mana kaɗan, in aka ɗauke wuta zufa har cikin littafi. Duk da haka na biya kuɗin wata mai zuwa, na kuma rubuta sunan ƙanena.